Tsadar Gero da Rabon Tsuntsaye

'Yan'uwa ɗalibai, yawancinmu mun tashi muna ganin iyayenmu mata suna watsa gero a tsakar gida da sassafe, don kurciyoyi da gwarare su tsinta. Sadaka ce, ba mai lissafa ta. Amma da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, sai kuɗin dakon hatsi ya hau, har a 2024 tiyar gero ta nemi gagarar talaka. Maigidan da ke ƙidaya ludayin kunun 'ya'yansa, ina ya ga abin ba kurciya? Ba mu ga laifinsa ba.

Abin da ya dame mu shi ne, ko da hatsi ya sauko, hannun da ya rufe bai sake buɗewa ba. Alhali kuwa tsuntsu bai ce lalle sai tsaba ba. Tsakin da ya rage a faifai ya ishe shi, da ruwa a kasko lokacin bazara. Saboda haka muna kira ga ƙungiyarmu ta sa a riƙa zuba ragowar tuwon ɗakunan kwananmu a gindin darbejiya, maimakon a tura shi kwata.