Ba Ɗakin Amarya Za a Jere Ba

Duk lokacin da aka buɗe sabon zangon karatu, abu ɗaya ake gani a ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ko a sabon mazaunin Jami'ar Bayero a kan titin Gwarzo. Mota ta tsaya, but ya ƙi rufuwa har sai da aka ɗaure shi da igiya. Akwati biyu, jakar Gana-mas-go uku, katifa a naɗe, buhun shinkafa, wani lokaci har da dogon madubi. Iyaye sun yi ƙoƙari, babu mai musu. Sai dai rabin kuɗin ya tafi a kan abin da ɗakin ba zai ɗauka ba.

Yawancin ɗakunan kwanan ɗalibai a tsofaffin jami'o'inmu an gina su ne lokacin da ɗalibai ba su da yawa. Jami'ar Zariya ta fara a 1962 da 'yan ɗaruruwa, yau kuwa dubun-dubata ne. Saboda haka abin da sabon ɗalibi zai samu, in ma ya dace, shi ne gado ɗaya cikin gadaje masu hawa biyu, da loka, da ɗan lungu. Bayan masu ɗakin na ainihi kuma akwai 'yan raɓe, waɗanda ba su samu gado ba suka lafe wajen abokai. A irin wannan ɗaki, ƙaton akwati ba shi da wurin zama sai ƙarƙashin gado, in ya shiga ke nan.

Bokiti ne ya kamata ya zo a farko, kuma biyu: ɗaya na wanka da wanki, ɗaya mai murfi na ajiyar ruwa. Famfo na zuwa ne lokacin da ya ga dama, wanda kuwa ke da lacca ƙarfe takwas ba zai tsaya bin layi da asuba ba. A ƙara da jarka, da buta, da silifas na shiga banɗaki, da igiyar shanya. A rubuta suna a jikin bokitin da fenti, domin bokitin da babu suna na kowa ne.

Sai gidan sauro. Abin mamaki ne a ga uba ya sayi waya ta dubban ɗaruruwa ya manta da shi, alhali Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya. Zazzaɓi a makon jarrabawa yana iya jawo wa yaro maimaita kwas. Katifa kuma gara ƙarama sabuwa daga gida, domin tsohuwar da aka gada a ɗaki kan zo da kuɗin cizo. Mai zuwa Zariya ko Jos kada ya raina bargo da rigar sanyi, hunturun Disamba da Janairu a can ba wasa ba ne. Mai zuwa Sakkwato ko Maiduguri kuwa, zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ne zai sa ya gode wa wanda ya sa masa 'yar fanka mai caji a cikin kaya.

A fannin abinci iyaye mata sun fi kowa sani, kuma tsohuwar dabararsu har yanzu ita ce daidai: abin da ba ya lalacewa. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari, yaji mai daddawa, man gyaɗa, kuka da busasshiyar kuɓewa, garin ɗanwake, garin kunu, dambun nama in da hali. Da shinkafa da wake da mai da yaji ɗalibai da yawa suka kai ga digiri. Soyayyiyar miya tana kwana biyu in ta soyu sosai, amma ɗanyen tumatir da kifi a ɗakin da babu firji gayyatar ɓera ne kawai. Kafin a sayi abin girki kuma a tambayi dokar makarantar, domin wurare da yawa sun hana hita da murhun lantarki saboda gobara, kuma masu kula da ɗakuna kan ƙwace su. Risho ya daina zama na talaka tunda kananzir ya yi tsada, shi ya sa ƙaramar tukunyar gas ta karɓe wurinsa inda aka yarda da ita.

Kwaɗo mai kyau, tocila, fawa-banki. Waɗannan ba sa buƙatar dogon bayani.

Abin da aka fi mantawa shi ne mafi sauƙin nauyi: takardu. Takardar samun gurbi ta JAMB, sakamakon WAEC ko NECO, shaidar haihuwa, shaidar ƙaramar hukuma, lambar NIN, hotunan fasfo masu yawa, rasit na kowane kuɗi da aka biya. A yi musu kwafi, a ɗauki hotonsu a waya, a sa na ainihin cikin fayil na roba. Rajista kan tsaya cak saboda takarda guda da aka baro a durowar Baba.

Akwai kuma dalilin da ya sa yawan kaya ke zama wahala daga baya. A ƙarshen shekarar karatu akan ce kowa ya kwashe nasa ya bar ɗaki. Yajin aiki ma ba ya sallama: na ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, a 2022 ya fara a Fabrairu, bai ƙare ba sai Oktoba, kuma wanda ya bar buhun wake da tunanin mako biyu zai yi, ƙwari ya tarar. Ya fi sauƙi yaro ya tafi da jaka ɗaya da bokitinsa da katifarsa, a riƙe sauran kuɗin a gida. In ya yi mako biyu ya ga ɗakin da idonsa, ya ga abin da abokan zamansa suka riga suka kawo, sai ya bugo waya ya faɗi abin da ya rage, a ba direba a tasha ya kai masa.