Fadamar da ta gagari dawaki

 

Masu buga wasannin yaƙi a waya sun san wani abu da ba a cika faɗa a aji ba. In aka ba ka taswira aka ce ka kafa birni, ba a fili fetal za ka kafa shi ba. Za ka nemi inda dutse ko ruwa ko taɓo zai tsare maka baya, domin duk rundunar da ta faɗa taɓo tafiyarta ta lalace. Ƙasashen cikin waya ƙirƙirarsu aka yi. Mu kuwa nan Boɗinga da Shagari muna da ta gaske a yamma da mu, wadda ta shafe ɗaruruwan shekaru tana da baki a kan wa zai ci yaƙi, wa zai koma gida hannu rabbana. Ita ce fadamar Gulbin Rima, wanda daga Sakkwato zuwa ƙasa ake kuma ce masa Gulbin Kabi.

Mu fara da ruwan kansa. Damanarmu gajeriya ce, wata huɗu ne in ta yi kyau, daga Yuni zuwa Satumba. To ina fadama take samun wannan ruwa mai yawa haka? Yawancinsa baƙo ne. Gulbin Sakkwato daga wajen Funtua ya taso, ya biyo ta Gusau. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina ya fito, ya shiga Jamhuriyar Nijar, ya sake dawowa Nijeriya, ya haɗu da su Bunsuru da Gagare suka zama Rima. Kusa da birnin Sakkwato manyan gulaben biyu suka game, sannan ruwan ya karkata ya nufi kudu, ya wuce Argungu da Birnin Kabi, ya je ya zuba a Kogin Kwara. Ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da gangare sosai, saboda haka ruwan ba ya gudu. Sai ya yi ta rarrabuwa, ya yi rassa, ya bar tsibirai a tsakani, ya malale gefe da gefe har faɗinsa ya kai kilomita da yawa a wasu wurare. A watan Agusta da Satumba ne yake cika ya batse. In ya janye kuma ba duka yake tafiya ba: yakan bar tafkuna da ƙoramu da baƙar laka mai danƙo, wadda takan daɗe ba ta bushe ba, in ta bushe kuma ta tsattsage.

Yanzu ku kawo doki cikin wannan hoto. A zamanin da, ƙarfin sarki dawakinsa ne. Barde mai sulke, a kan doki mai lifidi, in ya samu fili babu mai tsayawa gabansa. Amma nauyin nan da ke ba shi ƙarfi a tudu shi ne ke nutsar da shi a laka. Dogayen ciyayin fadama suna ɓoye maharbi mai kwari da baka. Baƙo bai san mashigi ba, ɗan gari kuwa ya san inda ruwa ke tsayawa a gwiwa da inda yake shanye mutum, kuma yana da jirgin ruwansa a ɗaure. Wannan ya sa mai kai hari dole ya jira rani. Shi ma ranin ba nasa ba ne duka, don mayaƙansa manoma ne, da zarar hadari ya fara haɗuwa hankalinsu ya koma gona.

Wanda ya fara gina babbar daula a kan wannan lissafi shi ne Muhammadu Kanta, sarkin Kabi, a farkon ƙarni na 16. Ya taɓa raka Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, suka saɓa a kan rabon ganima, ya ɓalle wajen shekarar 1516. Songhai ita ce daula mafi ƙarfi a Afirka ta Yamma a lokacin, amma rundunoninta sun zo Kabi sun koma ba su yi nasara ba. Ku dubi inda Kanta ya zauna: Surame, wadda kufanta da ganuwarta ta duwatsu suke nan har yau a jiharmu, da kuma wani birni da ake kira Gungu. Sunan kawai ya isa darasi, tunda gungu tsibiri ne.

Mu tsallako zuwa tarihin da kuka fi sani. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804. A watan Yuni na wannan shekara aka gwabza a Tafkin Kwatto, inda jama'ar Shehu, mafi yawansu 'yan ƙasa masu baka, suka karya rundunar Yunfa mai tarin dawaki. A 1805 Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, ya ci Birnin Kabi. Ku lura da watan: Afrilu ne, tsakiyar bazara, lokacin da ruwan fadama ya fi ƙaranci. A wannan shekarar jama'a suka koma Gwandu, aka sha wuya ƙwarai a yaƙin Alwasa, sannan a 1808 Alkalawa ta faɗi. Bayan haka ne Shehu ya dawo Sifawa, nan kusa da mu, ya zauna yana karantarwa har 1815 da ya koma Sakkwato. Malam Abdullahi kuma ya zauna Boɗinga. A zaman Sifawa ne, a 1812, aka raba kula da daula gida biyu, gabas a hannun Muhammadu Bello, yamma a hannun Malam Abdullahi.

Wannan rabo shi ya ba garuruwanmu matsayinsu. Daula ta zama mai hedikwata biyu, Sakkwato da Gwandu, kuma hanyar da ta haɗa su ta biyo ta kan tudu, gabas da fadama, ta Boɗinga da Shagari da Tambuwal. Kusan ita ce hanyar da motocin Jega ke bi yau. Duk wanda ke riƙe da fadama, to yana iya fitowa ya taɓa wannan hanya ya koma.

Abin da ya faru ke nan. Cin Birnin Kabi bai gama da Kabawa ba. Sarki Muhammadu Hodi ya fice ya ci gaba da yaƙi, bayansa ɗan'uwansa Sama'ila Karari ya yi sansani a Argungu, a bakin fadama. A 1831 Sakkwato da Gwandu suka haɗa ƙarfi suka ci Argungu, aka kashe Karari, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato. Ka ga ke nan fadama ba layar zana ba ce, ana cin garin da ke bakinta. Abin da ke da wuya shi ne riƙe shi. A 1849 Nabame ya koma ƙasarsu ya ɗaga tuta, Arawa da Zabarmawa da mutanen Dandi suka mara masa baya, kuma daga wannan shekara har zuwan Turawa ba a sake cin Argungu ba. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya bi ta Boɗinga zuwa Gwandu a 1853, ya tarar hanya babu aminci saboda wannan tawaye. A shekarun 1860 sai da aka yi sulhu, wanda ake kira Lafiyar Toga da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga, aka samu 'yan shekaru ana shan iska, sannan aka koma. A 1892 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya kai wa Argungu babban hari a zamanin Sarki Sama'ila, wanda aka fi sani da Sama, bai ci garin ba.

Ku tsaya ku auna wannan. Daular da tutocinta suka kai Adamawa da Ilori, tafiyar watanni, ta kasa riƙe garin da ke kimanin kilomita 100 daga fadarta. In an tambaye ku dalili a jarrabawa, kada ku ce wai wani ɓangare ya fi wani jarumta. Jarumai kam akwai su ko'ina. A ganina amsar tana ƙarƙashin ƙafafunsu. Kafin ka ci gari mai ganuwa sai ka kewaye shi ka hana shi abinci. Yaya za ka kewaye garin da bayansa ruwa ne da laka? Ta can abinci zai shigo, ta can taimako zai zo daga Arewa da Zabarma, ta can mata da yara za su tsallake in abu ya ɓaci. Kuma abincin ma a cikin fadamar yake. Akwai shinkafar gargajiya mai tsawo tare da ruwa, ruwa na ƙaruwa tana miƙewa. Akwai kifi a tafkuna duk shekara, akwai burugu na dabbobi a lokacin da tudu ya ƙone ƙurmus. Mai kewaye gari shi zai riga jin yunwa.

Bindigar Bature ce ta rushe wannan lissafi. Sojojin Ingila sun sauka Argungu a 1902. A watan Maris na 1903 rundunar da ta taso daga Kano ta haɗu da wadda ta fito daga Argungu, kuma a nan Shagari suka haɗu, kafin su wuce su fuskanci Sarkin Musulmi Attahiru a Sakkwato ranar 15 ga watan. Ba don komai suka zaɓi Shagari ba sai don tana kan waccan tsohuwar hanyar tudu.

Gabar ta ɗauki lokaci kafin ta huce. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa gagarumin su don karramawa. Daga nan bikin kamun kifi na Matan Fada ya samu siffar da duniya ta san shi da ita, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Ruwan da ya raba mutane shi aka shiga tare da homa da gora. Bayan wasu shekaru ma wani matashin malami ɗan Shagari aka tura shi koyarwa Argungu kamar kowane ma'aikaci. Shi ne Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, kuma tun yana malami ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su riƙe labarin ƙasarsu.

Yau babu mai neman fadama don ɓuya, amma darajarta ba ta ragu ba. Albasar da ake lodawa zuwa Kudu, da shinkafa da tumatir da rake da tattasai, da kuɗin makarantar da yawa daga cikinku, daga wannan laka suke fitowa. Sai dai yanzu mai iko da fadama ba wanda ke zaune a bakinta ba ne, wanda ke riƙe da ƙofar dam ne a can sama. An kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, a 1978. Ta Goronyo a kan Rima ta biyo baya a shekarun 1980. Mu ma muna da tamu ƙarama a Shagari, a kan Gawon Gulbi. Dam yana da amfani, babu musu: ruwan sha, noman rani, kifi. Amma ruwan da aka tare a sama, wani ne a ƙasa bai samu ba. Wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, William Adams, ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori a shekarun 1980, ya tarar ambaliyar shekara-shekara ta ragu, manoma da yawa sun bar shinkafa sun koma gero da dawa, noman rani ya ja baya, masunta kuma wasu sun yi ƙaura. Mu mun saba jin kalmar ambaliya a matsayin masifa, alhali ga manomin fadama ita ce takinsa, ita ce ban-ruwansa.

Wani lokacin kuma ruwan ya zo gaba ɗaya. A Satumbar 2010 Rima ta yi cikar da ta cinye ƙauyuka da gonaki, ta karya gadar da ke kai wa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sai da aka koma tsallakawa da kwalekwale. Jami'a guda, da motocinta da furofesoshinta, ta tsinci kanta a inda barden Askiya ya taɓa tsintar kansa: ga gari can ana hange, ga ruwa a tsakani.

Ga aikin wannan mako. Ku samu farar takarda ku zana Rima daga Goronyo zuwa Birnin Kabi, ku yi wa fadama inuwa da fensir. Ku sa Sakkwato, Sifawa, Boɗinga, Shagari, Tambuwal da Gwandu, ku ja layin hanya a tsakaninsu, sannan ku sa Argungu da Surame. In kun gama, ku je wurin kaka ko wani dattijon unguwa da ya yi noman fadama, ku gaishe shi da kyau, ku tambaye shi inda ruwa yake kaiwa lokacin yana saurayi da inda yake tsayawa yanzu, da irin shinkafar da suke shukawa a da wadda ba a ganinta yau. Ku rubuta sunayen kamar yadda ya faɗe su, ku aiko mana tare da taswirar da sunan makarantarku.