Kafin ka biya kuɗin inshorar lafiya, tambayi wannan

Tallar inshorar lafiya ta cika Instagram da Facebook: biya kaza a wata, ka je asibiti ba ko sisi. Da daɗin ji. Amma 'yan uwana matasa, ciwon da kake da shi tun kafin ka yi rajista fa, wa zai biya kuɗin maganinsa?

Kamfanonin nan da ake kira HMO kasuwanci suke yi. Suna tara kuɗin mutane da yawa bisa lissafin cewa kaɗan ne za su kwanta ciwo. To mai sikila, ko asma, ko ciwon suga, ko hawan jini, ai babu "wataƙila" a lamarinsa, sun san zai zo asibiti. Shi ya sa a tsarin da mutum ke saya wa kansa, sau da yawa sukan cire wannan ciwon gaba ɗaya, ko su ce sai ka yi watanni kana biya kafin su ɗauki nauyinsa, ko su ƙayyade abin da za su kashe a kansa. Haihuwa ma takan shiga wannan jiran. Inshorar da ake samu ta wurin aiki takan fi sassauci, don a dunƙule ake saye.

Wani zai ce, to a ɓoye mana. Kar ka soma! Ranar da ciwon ya tashi, fayil ɗinka na asibiti zai tona, kamfani kuma na iya ƙin biya ko ya soke rajistar, kana kwance.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne, dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa a Najeriya, ƙasar da ta fi kowacce yawan haihuwar masu sikila. Ta yaya za a ce dole ne, sannan wanda ya fi bukata ya fi shan wahalar samu? A Amurka, tun 2014 doka ta hana kamfanoni korar mutum saboda tsohon ciwo. Mu ma muna da bakin neman haka daga 'yan majalisarmu.

Kafin nan, faɗi ciwonka ƙarara, ka ce su rubuto maka amsa, ba a waya ba. In kai ɗalibi ne, fara leƙa asibitin makaranta ka tambayi tsarin TISHIP, sannan hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharku, ka gwada da abin da kamfani ya rubuto.