Ciwon Da Aiki Ke Sa Wa Zuciya

Idan inji ya datse wa lebura yatsa, kowa zai ga jini, a ɗauke shi a yi asibiti da shi. Amma ma'aikacin da ya shekara yana kwana da fargabar takardar sallama, barci ya ƙaurace masa, ya dawo gida yana huce haushinsa a kan iyali, shi babu mai lissafa shi cikin waɗanda aiki ya raunata. Sai dai a ce ya cika zafin rai, ko a ce sammu aka yi masa.

Mutanen Kaduna sun san wannan fargaba. A 2017 gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare jarrabawa, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su. Ba wai ana cewa dukkansu sun cancanci riƙe alli ba ne, don kuwa 'ya'yan talakawa ke kwana ciki idan malami bai san abin da yake koyarwa ba. Abin tambaya shi ne: wa ya waiwayi halin da magidanta dubbai suka shiga a dare ɗaya? A 2022 kuma aka sake korar wasu 2,357, har da shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa, Audu Amba. To malamin da ya tsira, da wace natsuwa zai shiga aji, alhali ya ga shugabansa ma bai sha ba?

A watan Mayun 2021, bayan an sallami dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi, ƙungiyar ƙwadago ta NLC a ƙarƙashin Ayuba Wabba ta tsayar da garin cak. Aka ɗauke wuta, jirgin ƙasa ya tsaya, 'yan daba suka far wa masu zanga-zanga a shatalen NEPA, gwamna ya ce ana neman Wabba ruwa a jallo. A rana ta uku aka janye yajin, bayan gwamnatin tarayya ta kira sulhu. Wato ba a zauna ba sai da aka nuna wa juna ƙwanji.

Abin mamaki, doka ta riga ta yarda cewa aiki yana iya illata hankali. Sashe na 8 na dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ya tanadi diyya ga wanda likita ya tabbatar aiki ne ya jefa shi cikin matsananciyar damuwa, har da wanda aka canza masa aiki aka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Hukumar NSITF ke riƙe da asusun, mai ɗaukar aiki ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya. A 2022 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana asarar ranakun aiki biliyan 12 duk shekara saboda baƙin ciki da fargaba. Ma'aikata nawa ne a sakatariyar jiha aka taɓa tarawa aka karanta musu wannan sashe?

A nan shugabannin ƙwadago ma suna da nasu kason laifin. Duk wata ana cire wa ma'aikaci kuɗin ƙungiya, amma ba a jin muryarsu sai a kan mafi ƙarancin albashi. Albashi wajibi ne, babu ja. Sai dai wulaƙancin oga, da aikin mutum uku a wuyan mutum ɗaya, da jan ƙafa wajen biyan fansho, su ma suna cin mutum, a hankali, kamar gara.

Wannan fa masu ƙungiya ke nan. Mafi yawan 'yan uwa matasa a Kawo, Unguwar Dosa, Badarawa da Tudun Wada ba su da ko takardar ɗaukar aiki: yaron shago, ɗan Keke Napep mai biyan balas, malamin makaranta mai zaman kanta da ake biya yadda aka ga dama. Wasunsu ta nan suke faɗawa shan ƙwaya don jiki ya jure. Musulunci bai yarda a ɗora wa ɗan aiki abin da ba zai iya ba, bai kuma yarda a ja masa rai a kan haƙƙinsa ba. Wannan hukunci ya hau kan Alhajin da ke sahun gaba a masallaci kamar yadda ya hau kan gwamnati. Kuma kai ƙara kan zalunci ba ya warware tawakkali.

Ya wajaba kowace ma'aikata ta kafa kwamitin da wakilan ma'aikata za su zauna da shugabanni tun kafin a yanke shawarar rage mutane ko ƙara aiki, da wata ƙofa ta kai kuka wadda ba ogan da ake kuka da shi ke riƙe da makullinta ba. Ɗan'uwan da ya ga barcinsa da cin abincinsa sun lalace saboda aiki, ya faɗa wa wanda ya amince da shi, ya je ya ga likita, ya kuma adana takardar, don ita dokar ke nema.