KU KAI BAƘONKU DALA DA ƘAFA

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ta shigo mana Kano, wadda ya kamata mu tsaya mu dube ta. Idan baƙo ya sauka, sai mai masauki ya cusa shi cikin mota, a rufe gilashi, a haye gadar sama ta Ƙofar Nassarawa, a zarce da shi otal a unguwar masu hali. Can zai ci shinkafa da cokali mai yatsu, a biya kuɗin da zai riƙe gidan talaka kwana da kwanaki. Wai shi ke nan an karrama shi!

Ni ma na taɓa yin wannan wauta. Wani ɗan'uwana ya zo daga Maraɗi sayen kaya a Kantin Kwari, ya yi mako guda a wurina. Ran da zai koma sai ya ce, "Yaya, ina Dalar da ake faɗa?" Wallahi kunya ta kama ni. Sai na hana shi tafiya, kashegari da asuba muka tashi daga Ƙofar Nassarawa da ƙafa.

To, ku ji abin da mai ƙafa yake samu. Muka karya da waina da miya wajen wata tsohuwa a bakin hanya, muka bi ta Gidan Makama da ƙofar gidan Sarki, muka ratsa lunguna har Kurmi, kasuwar da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a zamaninsa, tsakanin 1463 da 1499. Nan muka ci gurasa bandashe, an barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji, an zuba man gyaɗa da albasa. Sa'an nan muka hau Dala, matakala 101, yana haki ina haki. Da muka kai bisa ya yi shiru. Ga Goron Dutse a yamma, ga hasumiyoyin Babban Masallaci, ga rufin gidaje har inda ido ya ƙare. A kan dutsen nan Bature Barth ya tsaya a 1851 ya zana hoton birnin. Mutum ya ƙetaro Sahara don ya ga abin da mu muke ƙyashin takawa, sai fa ran Takutaha!

A hanyar komawa muka sha fura da nono, ya sayi kilishi a Agadasawa na tsaraba. Ku lissafa hannu nawa kuɗinmu ya shiga ran nan: mai waina, mai gurasa, Bafillatana mai nono, mahauci, har da yaro mai ruwa. Duk talakawa ne 'yan'uwanmu. Kuɗin otal kuwa aljihu ɗaya yake faɗawa.

Wani zai ce abincin bakin hanya ba tsabta. Ban musa ba, akwai ƙura, akwai ƙuda, kuma masu sana'a sai ku rufe kwanukanku, ku ajiye ruwan wanke hannu. Amma wa zai kawo famfo? Wa zai yashe kwata? Mai waina ce? Ana karɓar haraji a hannunta, ai ita ma tana da hakki.

Haka kuma mai tafiya da ƙafa. Ana gina gadoji domin masu mota, madalla, amma shi an bar shi yana kokawa da 'yan adaidaita sahu a gefen kwalta. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya aza harsashinta wajen shekara 900 da suka wuce, wadda aka sa cikin jerin jiran UNESCO a 2007, yau ruwa yana ci, masu gini suna ci. Da an gyara ta an yi hanya a gindinta, da mutum ya taka daga Ƙofar Nassarawa zuwa Ƙofar Mata ya ga marina, masu abinci na jere a inuwa.

Saboda haka muna kira ga hukuma: a hana yanka ganuwa, a share Dala, a keɓe wa masu abinci rumfuna da ruwa maimakon kora. Ɗan'uwan nan nawa ya aiko cewa yana tafe bayan salla da 'ya'yansa biyu, wannan karo Goron Dutse za mu hau.