Kafin A Yanke Bakin Kaza, A Duba Akurki Da Kwanon Abinci

A Tudun Ƙofa da ke cikin garin Keffi, kamar sauran unguwannin da ma'aikatan Abuja suka mayar wurin kwana, da wuya a ratsa layi ba a ji kukan kaji daga bayan wata katanga ba. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota zuwa ofis ke lashe babban kaso na albashi, kuma mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai cike giɓin ba. Noma kuwa shi ne sana'ar da Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya bar wa ma'aikacin gwamnati ƙofarta a buɗe. Don haka kaji ashirin ko talatin a bayan gida sun zama kuɗin cefane a gidaje da dama, wani lokaci har da kuɗin makarantar yara.

Sai dai akwai wata ɓarna da ke cin wannan ɗan jari a ɓoye. Da fari maigida zai ga gashi ya ragu a bayan wata kaza ko a gindin wutsiyarta. Bayan 'yan kwanaki fata ta bayyana, sannan jini ya fito. Da zarar kaji sun ga ja, sai su yi wa 'yar'uwarsu taron dangi, kuma kazar da aka bari da rai da asuba ana iya tarar da gawarta da magariba. Abin da aka fi yi a irin wannan hali biyu ne: a yanka wadda ake zargi da fara saran, ko a ɗora wuƙa a wuta a bi bakin kowace kaza a datse. Duka biyun suna kwantar da hankalin mai kiwo na ɗan lokaci, amma suna barin sanadin a inda yake.

Kaza halitta ce mai tono. Kakanninta na dajin Asiya suna shafe fiye da rabin yininsu suna tona ƙasa da tsince-tsince, kuma kazar Hausa da ke yawo a tsakar gida haka take har yau, shi ya sa ba a cika ganin wannan matsala a wurinta ba. Wadda aka kulle a keji na waya ko a ɗakin siminti tana cinye rabonta cikin ɗan lokaci, sauran yinin kuma bakin yana neman aikin yi. Idan babu ƙasa, babu ganye, babu ƙwaro, abin da ya rage a gabanta shi ne gashin maƙwabciyarta. Wannan daban yake da saran neman girma da kaji ke yi wa juna a ka, wanda masanin nan ɗan ƙasar Norway, Thorleif Schjelderup-Ebbe, ya bayyana tun 1921. Wancan yana lafawa idan kowace ta san matsayinta. Tsigar gashi kuwa koyo ake yi, kuma tana yaɗuwa daga kaza zuwa kaza.

A nan ne rayuwar ma'aikaci ta shigo cikin lamarin. Wanda zai riga cunkoson Mararraba da Nyanya dole ya bar Keffi da jijjifi, ba kuma zai dawo ba sai duhu ya yi. Saboda tsoron ɓarawo da shaho da rigimar maƙwabta, kajin a kulle suke wuni, sau da yawa ƙarƙashin rufin kwano, a zafin Maris da Afrilu. Ana zuba musu abinci sau ɗaya, ruwan ya ƙare ko ya yi ɗumi kafin azahar. Da dare kuma a bar musu ƙwan lantarki mai ƙarfi har wayewar gari, da tunanin za su ƙara ƙwai, alhali haske na sa'o'i 16 a yini ya wadaci mai yin ƙwai, kuma haske mai tsanani yana tsananta saran.

Babban sanadi na biyu yana cikin kwanon abinci. Kaza mai ƙwai tana cin kimanin giram 110 zuwa 120 a rana, wato buhu mai kilo 25 yana kai kaji ashirin kusan kwana goma. Da farashin buhu ya hau, dabarar da mutane da yawa suka koma wa ita ce su gauraya shi da ɓarzajjen masara ko dusa domin ya daɗe. Lissafin ba ya goyon bayan dabarar. Mai ƙwai tana buƙatar furotin kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari, masara kuwa ba ta wuce kashi 9 ba. Idan aka haɗa rabi da rabi, abin da ke cikin kwanon ya sauko zuwa wajen kashi 13, kuma gishiri da sinadarin da ke gina ɓawon ƙwai sun ragu tare da shi. Gashin kaza kusan dukkansa furotin ne. Kazar da ke tsigar gashi tana haɗiyewa tana neman abin da aka rage mata ne. Araha ba ta ado: kuɗin da aka tsimi a buhu yana fita ta ƙwan da ya ragu da kazar da ta mutu.

Na uku shi ne cunkoso. Dokar Tarayyar Turai ta 1999 ta hana zuba kaji masu ƙwai fiye da tara a kowace murabba'in mita a ɗakin kiwo, ta kuma tanadi gurbin ƙwai ɗaya ga kowace kaji bakwai da wurin hawa na santimita 15 ga kowace kaza. Wannan iyaka ce ta ƙasashen sanyi. A zafin Keffi, huɗu ko biyar sun fi dacewa. Mai kaji talatin a wurin da ya isa goma sha biyar zai fi cin riba idan ya sayar da rabi, ya sayi abinci mai kyau da kuɗin.

Gyaran ba ya buƙatar jari mai yawa. A ware duk kazar da ta ji rauni nan take, a wanke mikin, a shafa maganin GV mai rufe launin jini, kada a mayar da ita sai fata ta warke. A shimfiɗa buntun shinkafa ko diddigar katako a ƙasa, a watsa ɗan hatsi a ciki don su yi tono. A rataye ganyen zogale ko kabeji daidai kansu. A ajiye tsohon baho da yashi da toka domin birgima, wadda ke rage ƙwarkwata, ita ma tana sa kaza tsigar jikinta. A ƙara mazubin ruwa da na abinci, a yi wa rufi inuwa, a sa gurbin ƙwai a wuri mai ɗan duhu, domin bayan kaza yakan yi ja bayan ta saka ƙwai, kuma a fili shi ke jawo sara mafi muni. Uwargida ko yaron da ke gida ya leƙa da rana, ya sake ruwa.

Masu goyon bayan yanke baki suna da hujjarsu: a gonar dubban kaji yana rage mace-mace. Gaskiya ne, amma can ƙwararru ke yi tun kajin suna 'yan tsaki, da na'urar da aka yi don haka. Bakin kaza yana da jijiyoyi, kuma datse shi da wuƙa bayan ta girma yana jawo zubar jini, ta rage ci, ƙwai ya tsaya. Norway ta haramta aikin tun 1974, Sweden ta biyo baya a 1988, kuma manomansu suna ci gaba da sayar da ƙwai, domin sun koma ga gyaran abinci da wurin kwana. Mai kaji ashirin ya fi kowa ikon yin haka.

Akwai kuma rabon masu riƙe da biro a Abuja. An kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya a Yulin 2024, kuma hankali ya fi karkata ga shanu da makiyaya. Ilimin da ƙaramin mai kiwo ke buƙata yana nan a cibiyar NAPRI ta Shika kusa da Zariya, wadda ta samar da kazar Shika Brown, da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom. Abin da ya yi ƙaranci shi ne malamin gona da zai kai shi unguwa, da shiri a rediyo da Hausa, da sa ido kan masu haɗa abincin kaji domin abin da aka rubuta a jikin buhu ya zama shi ne a ciki. Mataimakin da ke tsara wa minista jawabi da safe, da yamma kuma yana ƙirga ƙwai a Tudun Ƙofa, ya fi kowa sanin inda ya kamata a saka wannan a kasafin kuɗi.