Jaririn da aka kafa a madadin tuta

A ƙarshen shekarar 1977, gwamnatin sojan Ajantina ta ɗauki wata mata mai cikin wata bakwai ta kai ta Antaktika, nahiyar ƙanƙara da ke can ƙuryar kudancin duniya. Mijinta hafsan soja ne, shi ke shugabantar sansanin da ake kira Esperanza. Ranar 7 ga Janairun 1978 ta haifi ɗa namiji, aka raɗa masa suna Emilio Palma, mutum na farko da aka san an haifa a doron wannan nahiya. Babu wanda zai ce maka can ne ya fi dacewa da haihuwa. Wuri ne da babu bishiya ko ɗaya, iska na iya kayar da ƙato, asibitin kirki kuwa sai an ƙetare teku. An kai ta ne domin gobe a ce wa duniya ga ɗan ƙasarmu da aka binne cibiyarsa a nan, saboda haka ƙasar tamu ce.

Duk lokacin da na ji ana kirarin Antaktika da nahiyar zaman lafiya da ilimi, wannan jaririn nake tunawa. Ban yarda da kirarin ba, kuma tarihin wannan 'yar gaɓar teku da Esperanza ke zaune a kai ya ishe ni hujja.

Turawan Ingila na kiran wurin Hope Bay. Su ne suka fara kafa sansani na dindindin a nan a 1945, ƙarƙashin wani shiri na asiri da suka soma a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, mai suna Tabarin. An ce wai don a sa ido kan jiragen ruwan Jamus. Amma dubi abin da mutanen suka yi da isarsu: suka kafa tuta, suka buɗe gidan waya, suka shiga buga hatimi a kan sarki. Wasiƙar wa ake jira a inda maƙwabtanka tsuntsayen fengwin ne? Kan sarkin shaida ce ta mulki. Ingila ta yi iƙirarin mallakar yankin tun 1908, ta kuma ga Ajantina da Chile sun fara leƙowa, sai ta tura mutane su zauna. Auna iska da tattara duwatsu sun zo ne a matsayin aikin da zai sa zaman ya yi kyan gani.

Gobara ta cinye sansanin a 1948, mutum biyu suka rasu. Da Ingilishi suka dawo sake gini a watan Fabrairun 1952, sai suka tarar da sojojin ruwan Ajantina sun riga su sauka. Suna cikin sauke kaya daga jirginsu John Biscoe aka buɗe musu wuta da mashinga ta saman kawunansu, aka kora su cikin jirgi. Daga baya Ajantina ta ba da haƙuri, ta ce hafsan ne ya wuce gona da iri. Haƙurin bai hana ta kafa Esperanza a ƙarshen wannan shekara ba. Shekara na zagayowa Ingila ta rama a tsibirin Deception, inda ta tura sojoji suka rushe bukkokin Ajantina da Chile. A 1955 ta kai su biyun ƙara Kotun Duniya, suka ƙi amsa kira. Har yau, in ka buɗe taswirar kowacce daga cikin ƙasashen uku, za ka ga Hope Bay a cikin rabonta.

Mu wannan salo ba baƙonmu ba ne. A taron Balin na 1884 zuwa 1885, Turawa sun yarda a tsakaninsu cewa iƙirari da fatar baki bai isa ba, sai ka nuna kana zaune a wurin kana gudanar da mulki. Da irin wannan tunani aka yi ta tseren kafa bariki da tuta, har aka ja layin da ya bar Katsina a hannun Ingila, Maraɗi a hannun Faransa. A Antaktika babu sarakunan da za a tilasta wa sa hannu, babu talakawan da za a ɗora wa haraji, shi ya sa aka koma ga gidan waya, da makaranta, da gidan rediyo, da ɗakin haihuwa. Esperanza tana da su duka. Chile ma ba ta yarda an bar ta a baya ba: ta gina ƙauyenta, Villa Las Estrellas, a 1984, kafin shekarar ta ƙare ita ma ta samu nata jaririn.

Na san abin da za a ce mini. Ai an yi yarjejeniya. Gaskiya ne, ranar 1 ga Disamban 1959 ƙasashe 12 suka sa hannu a Washinton, aka haramta girke makaman yaƙi da gwajin nukiliya a nahiyar, kuma tun daga nan ba a gwabza yaƙi a kanta ba. Ko a 1982, da Ingila da Ajantina suka zubar da jinin juna kan tsibiran Falklan, wutar ba ta tsallaka kudu ba. Ilimin ma na gaske ne. Masanan Ingila da ke aiki da awon sansanin Halley ne suka sanar da duniya a 1985 cewa lulluɓin ozon da ke kare mu daga zafin hasken rana ya huje. Ban raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma ban zargi masanin da ke kwana cikin sanyi yana auna ƙanƙara da munafunci ba. Da masu aika shi nake.

Domin sashe na huɗu na yarjejeniyar bai soke iƙirarin kowa ba. Ƙasashe bakwai ne suka yanki nahiyar kamar ana rabon kankana: Ingila, New Zealand, Faransa, Ostareliya, Norway, Chile da Ajantina. Abin da aka ce kawai shi ne kowa ya riƙe nasa, kada a yi sabo, kada a faɗaɗa tsoho. Amurka da Rasha kuwa suka ajiye wa kansu damar yin nasu in ta kama. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Shi ya sa shekara 18 bayan sa hannu aka iya ɗaukar mai ciki zuwa Esperanza, shi ya sa kuma a 2012 Ingila ta ɗebi wani makeken yanki ta raɗa masa sunan Sarauniya Elizabeth, Ajantina ta yi ta kumfar baki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙofar shiga. Kowace ƙasa da ke cikin Majalisar Ɗinkin Duniya na iya sa hannu a yarjejeniyar, amma ba za ta samu bakin yanke hukunci ba sai ta nuna tana gudanar da babban bincike a can, kamar ta kafa sansani ko ta tura ayarin masana. Wato sai mai jirgin fasa ƙanƙara da kuɗin ciyar da mutane a ƙarshen duniya. An mayar da ilimi kuɗin ƙofa. A duk faɗin Afirka, ƙasa ɗaya ce tak ke da wannan kujera, Afirka ta Kudu, ita ma gwamnatin wariyar launin fata ce ta samo ta a 1959. Lokacin da Mahathir Mohamad na Malesiya ya miƙe a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1982 ya nemi a ɗauki nahiyar a matsayin gadon 'yan Adam baki ɗaya, masu kujeru suka yi kunnen uwar shegu da shi. An shekara da shekaru ana jan maganar har ta mutu, Malesiyar ma ta shiga yarjejeniyar a 2011.

Wani zai ce ina ruwan mai sayar da goro a Kurmi da ƙanƙarar da ba zai taɓa gani ba. Mafi yawan ruwan daɗin duniya a daskare yake a can, kuma da zai narke duka, teku zai ɗaga da kusan mita 58. Ba sai an kai ga haka ba, kaɗan daga ciki ya ishi Legas da Akara da Duwala, garuruwan da 'yan uwanmu suka cika zangunansu. A Esperanza ɗin nan dai, ranar 6 ga Fabrairun 2020, ma'auni ya nuna digiri 18.3, zafi mafi tsanani da aka tabbatar a doron nahiyar. Ruwan da ya narke ba ya tambayar wa ke da kujera.

Ga kuma abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ƙarin yarjejeniyar da aka ƙulla a Madrid a 1991 ya haramta haƙar ma'adinai, ya fara aiki a 1998. Haramcin ba zai faɗi da kansa ba, amma daga 2048 kowace ƙasa mai kujera na iya neman a zauna a sake duba shi. Su 29 ne a yanzu. Idan ranar ta zo, Ingila za ta shiga zauren da kan sarkinta na 1944, Ajantina da takardar haihuwar Emilio Palma, wanda a lokacin zai cika shekara 70. Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Chadi da Sudan, in dai ba a sauya ƙa'idar shiga ba, a rediyo za su ji yadda aka ƙare.